Baba, Na Gyara Maka Abin da Ba Kuskure Ba

Zuwa ga mahaifina kuma malamina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, da durƙuso irin wanda na saba yi maka a bakin ƙofar ɗakinka, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin rahama da yalwar makwanci. Kai ka koya mini cewa ba a buɗe wasiƙa da kuka, sai an gaisa, an ba da labarin gida, sannan mutum ya shiga abin da ya kawo shi. To bari in bi ƙa'idarka.

Gida lafiya. Inna tana nan, sai ciwon baya da idon nan da ke ƙara dushewa. Ta fita takaba, amma har yanzu ba ta yarda a naɗe shimfiɗarka ba. Yaya Lawali ya koma Yamai wurin aikinsa tun bayan sadakar arba'in. Ƙanenka Baffa Mamman ya aiko mana da damin gero biyu daga Dakusa, ya ce bana damina ta yi albarka. Ni kuma an koma lakwal, an ba ni aji huɗu, ina koyar da shimi, wato kimiyyar sinadarai, abin da ka koyar shekara talatin. Wata biyar ke nan da aka kai ka.

Labarin gida ya ƙare. Saura wanda ya hana ni sukuni. Na san ba kai kaɗai za ka ga wannan ba, tunda a fili na ajiye ta, kuma cikin masu karantawa akwai tsofaffin ɗalibanka. Su yi haƙuri da ni. Da kai nake magana.

Ban san ko ka taɓa jin sunan da ɗalibai suka laƙa maka ba. Tun kana koyarwa a Damagaram Takaya sunan ya biyo ka har lise, babbar sakandaren cikin gari. Mushe Wutsiya suke ce maka, wato Malam Wutsiya. Ni 'yarka ce, amma da na shigo ajinka, in ba ka kusa, haka nake cewa ni ma. Dalili kuwa, ba ka fita aji ba tare da ka faɗi maganarka ba: "Ku kula da wutsiyar suna. A shimi, wutsiya ita ce suna."

Ni tun kafin aji na fara jin ta. Ina da shekara tara, muna gidanmu na Kara-Kara, famfo ya ɗauke kwana da kwanaki kamar yadda ya saba in zafi ya shigo. Ga-ruwa ya kawo mana ruwan tafki mai kalar kunun kanwa. Inna ta ɗauko alam, farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara da take saye a kasuwa, ta zagaya shi cikin randa sau uku ta cire. Na tsaya ina leƙe har laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Na ce Inna ta iya siddabaru. Ka yi dariya har hularka ta zame, ka ɗauki gawayi daga murhu, ka rubuta a jikin katanga: Al₂(SO₄)₃.

Ka ce sunan aikin ke nan, sulfate d'aluminium. Ka ce a cikin farin dutsen nan akwai ƙarfen da ake yin tukunyar Inna da shi, akwai farar wuta, akwai oksijan, iskar da muke shaƙa mu rayu. Inna ta ce in dai da tukunya a ciki, to ka ciro mata ɗaya, tata ta huje.

Daga baya ka koya mini yadda ake haɗa su. Ka ce alminiyom mai hannu uku ne, farar wuta mai hannu biyu. In za su gaisa ba tare da an bar hannun kowa a sake ba, sai a kawo masu hannu uku su biyu, masu hannu biyu su uku. Shida da shida. Shi ya sa ake sa biyu a ƙasan Al, uku a ƙasan S. Ka jera mini 'yan'uwa uku a bayan wani tsohon kaye, littafin rubutun 'yan lakwal. In farar wuta ta zo ita kaɗai, babu oksijan ko ɗaya, Al₂S₃ ke nan, sulfure. In ta zo da oksijan uku a goye, Al₂(SO₃)₃, sulfite. In huɗu ne, Al₂(SO₄)₃, sulfate. Ka ce uba ɗaya, kai ɗaya, wutsiya ce kawai ta raba su, amma wanda ya ɗauki wannan a madadin wancan ya yi aika-aika.

Ranar da na karɓi ajina na farko, ba ka yi mini doguwar nasiha ba. Jan bik, alƙalamin gyaran takardun yara, ka ciro daga aljihun rigarka ka miƙa mini, ka ce, "Uwata, kada ki bar kuskure ya kwana." Uwata kake ce mini saboda sunan mahaifiyarka na ci. Na riƙe maganar nan, Baba. Na riƙe ta fiye da yadda ya kamata.

Shekara biyu da yin ritayarka abin ya same ka. Kana alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannunka na dama, ka bi ta ƙasa. Hawan jini, in ji likita. Da aka sallamo ka, ɓarin dama ya shanye tun daga fuska har ƙafa, ba motsi, ba ji. Wannan mun iya ɗauka. Abin da ba mu iya ɗauka ba shi ne sunaye da suka gudu daga bakinka. Kana ganewa, idonka yana nuna kana ganewa, amma in ka buɗe baki kalma ɗaya ce ke fitowa: "To." Yunwa, to. Ƙishirwa, to. Baƙo ya gaishe ka, to. Fatiha kaɗai ke fita tiryan-tiryan in an ja maka farkonta, sai ka idar ka koma to.

Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa yara kiran abu da sunansa. Na zauna gabanka na ce, Baba, wace ce ni? Ka dube ni, leɓenka na rawa, ka yi ƙoƙari har gumi ya tsattsafo maka a goshi. Na ce bari, ba kome. Na fita tsakar gida na tsaya bayan randa don kada ka ji.

Baffa Mamman ya bar gonarsa ya zo ya tare da ku. Shi ke yi maka wanka, shi ke juya ka, shi ke ɗauke ka ya kai ka inuwar itacen bedi da hantsi. Ni ina gidan mijina, sai in an tashi lakwal in hau kabu-kabu in zo in zauna har magariba. Mun gwada ba ka takarda da bik. Hannun hagu ya yi ta zane kamar sawun kaza, ba harafi ɗaya da ya tsaya. Muka haƙura.

Sai ranar nan da famfo ya sake ɗaukewa, aka kawo maka ruwa a kofi da ɗan duhu-duhu. Ka ƙi sha. Ka yi ta nuna randa kana to, to. Inna ta sake ɗebowa, ka ture. Akwai allon 'yata na lakwal cikin jakata, baƙin nan na yara, da guntun alli. Ban san abin da ya sa na miƙa maka ba. Ka ɗora shi a cinya, ka daɗe kana rubutu. Da ka ɗago sai ga shi, a karkace amma cikakke, har da baka biyun nan da ke rungume da SO₄ da ƙananan lambobi: Al₂(SO₄)₃.

Na ce, "Alam! Inna, alam yake so a sa!" Ka rufe ido ka saki ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke kaya daga tafiya mai nisa. Inna ta yi guɗa a cikin gidan mara lafiya, maƙwabta suka leƙo.

Kalmomi sun tafi, amma waɗannan alamomin sun zauna. Likita ya ce hakan na faruwa, wani ɗaki ya rufe a ƙwaƙwalwa, wani ya tsira. Daga ranar muka sami harshe, ni da kai. In miya ba gishiri, ka rubuta NaCl, in faɗa wa Inna, ta ce ko da bakinka ya mutu tsegumi bai mutu ba. In ƙishirwa ce, H₂O. Ranar da alli ya zo ƙarewa, da ɗan ɓurɓushin ƙarshe ka rubuta CaCO₃, na gane na sayo kwali guda. Wata rana ka cika allo da dogon sunan sukari kana nuna kofin shayi, alhali likita ya hana, na ce ban gane ba, ka harare ni da ido ɗaya, muka yi dariya, rabin fuskarka na dariya rabi na kallo.

Wata bakwai muna haka. Na kira Yaya Lawali na ce masa Baba yana dawowa. Na ce yau alamomi, gobe kalmomi. Har na fara alfahari. In baƙi sun zo sai a ce a jira Falmata, ita kaɗai ke jin yarensa. Na ji daɗin wannan magana, Baba. Ina faɗa maka gaskiya, na ji daɗinta.

Sai bazara ta shigo da zafinta. Baffa ya ce zai je Dakusa ya yi sharar gona kafin ruwa ya sauka, mako biyu ya dawo. Ba wanda ya ga laifinsa, yana da iyali. Ya bar ka da Inna. Inna ba ta iya ɗaga ka, bayanta ba zai yarda ba, idonta kuma ba ya ganin abin da ke cikin duhun ɗaki. Ruwa ya yi wuya a unguwa, bido ɗaya, wato jarka, sai an yi layi tun safe. Sai ta riƙa jiƙa tsumma tana goge maka fuska da ƙirji da hannuwa, inda hannunta ya kai. Ni kuwa ko hular kanka ba ka yarda in cire ba. In Inna za ta gyara ka, da ido kake kora ta waje, in fita.

Ka san Inna da turare. 'Yar Barebari ce ta gaske, ba ta yarda baƙo ya shigo ya ji ɗaki na warin jinya. Kasko ba ya mutuwa a ɗakinka. Da safe turaren wuta, da rana turaren wuta, har labule da matashi sun riƙe. Duk wanda ya zo gaishe ka sai ya yaba.

Ranar Talata na zo, ka riga ka riƙe allo kana jirana. Ka miƙo. Al₂S₃.

Na ce alam kake so. Na je na duba randa, ruwa garau. Na dawo na sake kallon allon, sai gabana ya faɗi. Ba baka, ba oksijan. A raina na ce shi ke nan, ɗakin da ya tsira shi ma ya fara rufewa, Baba ya fara mantuwa. Ban so ka ga tsoron a fuskata ba. Na karɓi allin, na sa baka biyu, na ƙara O da huɗu a ƙasa, na mayar da shi sulfate, na nuna maka ina murmushi. Ka goge da gefen hannunka. Ka sake rubutawa, a hankali, harafi bayan harafi. Al₂S₃.

Na ce, "Baba, wutsiya." Da wasa na faɗa. Maganarka na mayar maka. Kallon da ka yi mini a lokacin, shi nake gani yanzu duk sanda na ɗauki alli.

Laraba ka sake. Wannan karon ka rubuta, ka kai yatsa ka taɓa hancinka, ka sake nuna allon. Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "Wayyo, Malam kunya yake ji, turaren ne ya yi sanyi." Ta tashi ta ƙaro garwashi, ta zuba mai yawa, hayaƙi ya cika ɗakin har na yi tari. Ka rufe ido. Na ɗauka daɗi ka ji.

Alhamis na zo a gajiye. Lokacin jarrabawa ne, jakata cike da takardun yara, tun safe nake jan layi da jan bik a ƙarƙashin irin wannan kuskuren, sulfure inda ake son sulfate, sulfate inda ake son sulfite. Na shigo na tarar da shi a allonka, har sau uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ban zauna ba ma. Na yi maka magana da muryar aji. Na ce, "Baba, wannan sulfure ne. Ba ya tace ruwa. Kai ka koya mini." Na miƙa hannu zan gyara.

Ka jefar da allon. Ya bugi ƙafar gado ya tsage a gefe. Tun da nake ban taɓa ganin ka jefar da abu ba. Hawaye ya zubo ta idon hagu, na dama yana nan a bushe. Ka juya fuskarka bango iyakar yadda wuyanka zai iya. Na ɗauki allon na jingine, na ce wa Inna yau ranka a ɓace yake, a bar ka ka huta. Na koma gida na ci gaba da gyaran takardu.

Juma'a ba ka taɓa allo ba. Asabar jikinka ya yi zafi, muka ce zazzaɓin sauro ne, aka sayo magani. Lahadi da hantsi ba ka gane kowa, sai rawar ɗari a cikin wannan zafin. Mijina ya samo mota muka kai ka gidan likita.

Majo mai jinya da wani ma'aikaci suka kama ka za su mayar kan gadon gwaji. Ba wanda ya kore ni, kai kuma ba ka da idon korata. Suka juya ka, suka ɗaga rigar. Babu turare a ɗakin nan, Baba. Warin ya taso ya buge ni a fuska, warin ruɓaɓɓen ƙwai. A ƙasan bayanka, ɓangaren da ba ya ji, kwanciya ta ci fata ta yi rami, ya yi baƙi, yana ruwa.

A tsaye nake, amma sai na ga kaina a ajinka ina 'yar shekara goma sha shida. Lise ba ta da kayan gwaji, sai ka je wurin masu zubin tukwane ka roƙo garin alminiyom da ke zuba in suna goge tukunya, ka sayo farar wuta wurin 'yan koli. Ka fitar da mu fili, ka haɗa su a murfin gwangwani, ka sa wuta, abin ya yi tartsatsi ya bar wani dunƙule mai toka-toka. Ka ce ga sulfure d'aluminium. Da ya huce ka ɗiga masa ruwa. Wari ya tashi, muka watse muna toshe hanci, 'yan mata na ihu, kai kana tsaye kana dariya. Ka ce, "In kun manta sunansa, hancinku ba zai manta ba. Duk inda ya ji danshi, ruɓaɓɓen ƙwai."

Na san wannan. Kowace shekara ina rubuta shi a tabulo, babban allon aji, ina sa yara su kwafa. Na san shi a matsayin layi cikin darasi. Ban taɓa zaton magana ce da mutum zai yi wa 'yarsa ba.

Ba ka jin ciwon, tunda wurin ya mutu. Ba ka ganinsa. Hancinka kaɗai ya gaya maka wani abu na ruɓewa a jikinka, ƙarƙashin duk hayaƙin nan. Ba ka da kalmar wari, ba ka da kalmar ciwo, ba ka da kalmar baya. Ka shiga ɗan ɗakin da ya rage maka, ka duba abin da ke ciki, ka ɗauko wanda ya fi kusa, ka miƙa wa mutum ɗaya tak a duniya da za ta iya karantawa. Ita kuma ta gyara maka.

Likita ya tambaya tun yaushe ciwon yake. Inna ta ce ba ta sani ba, tana kuka tana cewa kullum tana goge ka. Ni na san aƙalla tun Talata. Ban faɗa ba. Ya ce ƙwayar cuta ta riga ta shiga jini, za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Kuma sun yi. An wanke, an yanke abin da ya mutu, an ɗaura ruwa, allura bayan allura. Baffa ya baro gona ya zo, ya tsaya a bakin gado yana tafa hannu yana cewa da bai tafi ba. Yaya Lawali ya iso ranar Talata. Kowa yana neman laifin a jikinsa, ni ina zaune da nawa a cikin jaka.

Don na kawo allon. Kwana na huɗu zazzaɓin ya ɗan sauka, ka buɗe ido, na ga ka gane ni. Na jira kowa ya fita salla. Na rubuta Al₂S₃ da hannuna, babba, ba baka, ba oksijan. Na riƙe maka a gaban fuska, na taɓa hancina. Na ce, "Baba, na gane. Daidai ka rubuta. Ni ce ban karanta ba. Ka yafe mini."

Ka daɗe kana kallon allon. Ka dawo da ido kaina. Ka ce, "To."

Na sa maka allin a hannu, na naɗe yatsunka a kai. Ya zame ya faɗi kan zane. Ban san wace to ce wannan ba, Baba. Ta yafiya ce, ko ta gajiya, ko kuwa ita ce dai kalmar da ta rage, wadda kake ba mai kawo shayi da mai gaisuwa. Wata bakwai ina taƙama ina jin yarenka, ranar da na fi buƙatar ji ban ji ba. Ba ka sake rubuta kome ba. Ranar Alhamis ta sama, bayan la'asar, Baffa yana ja maka kalmar shahada, ka cika.

Na yi ta neman wanda zai yanke mini hukunci. Na koma wurin likitan na tambaye shi, da an kawo ka tun Talata fa? Ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a, ciwon ya girmi Talata, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na gaya wa Yaya Lawali, ya ce in daina wahalar da kaina, mutumin da jini ya taɓa wa ƙwaƙwalwa zai iya rubuta kome, ƙila mantuwar ce da gaske. Na je wurin abokin aikinka Mushe Isufu, wanda kuka yi koyarwa tare shekara ashirin, na rubuta masa Al₂S₃ a takarda. Ya cire tabarau. Ya ce, "'Yata, ko kuma cewa yake babu oksijan. Sulfate da aka cire wa iska. Kin ce ɗakin cike yake da hayaƙi." Ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na fito daga gidansa da kaya biyu maimakon ɗaya.

Ko wari kake nufi, ko numfashi, ko mantuwa ce. Wanda zai raba wannan gardama kai ne, kuma ko kana da rai ba ka da bakin rabawa. Na juya abin ta kowace fuska. Ba inda yake tsayawa.

Makon jiya wata yarinya a ajina ta rubuta Al₂S₃ inda na tambayi sulfate. Na ɗaga jan bik na kasa saukewa. Na kira ta na ce me take nufi da wannan. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Madam, mantawa na yi." Kuskure ne kawai. Na ja mata layi, ta koma wurinta. Ka ga ko darasin kirki ban iya fitarwa daga abin nan ba. Wani lokaci kuskure ne, wani lokaci kira ne, kuma a allo kamarsu ɗaya.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta maka yau, shekaranjiya ne ya faru. Na je gida na tarar da Inna a ɗakinka, ta ciro allon daga jakar da na ɓoye shi. Rubutuna na gidan likita yana nan bai gogu ba. Ta kawo shi dab da idonta tana bi da yatsa. Ta ce tun ranar Talatar nan take son ta tambaye ni, kunya ta hana. Ta ce ita ba ta yi lakwal ba, amma harafi ɗaya ta sani, wanda ka koya mata don ta riƙa sa hannu a takarda, harafin farkon sunanta, A'i. Ta ɗora yatsa a kan A ɗin. Ta ce, "Na ga shi yake ta rubutawa, yana fushi. Falmata, ko ni yake kira ban amsa ba?"

Baba, me zan ce? In na ce wari ne, na gaya mata turaren da ta yi ta ƙarawa don ta rufa maka asiri shi ya rufe ciwon. In na ce numfashi ne, na gaya mata hayaƙinta ne ya shaƙe ka. Matar da ta yi shekara arba'in da ɗaya tana kunna maka kasko.

Na ce, "Eh, Inna, sunanki ne. Amma ba kira yake ba. Hannunsa yake koya wa rubuta shi, yana fushi don bai yi kyau yadda yake so ba."

 Ta goge ido da bakin mayafi, ta yi 'yar dariya, ta ce, "Malam ke nan. Kome sai ya yi daidai." Ta naɗe allon cikin ɗankwalinta na Salla ta sa a ƙasan akwati. Jiya ta ci tuwo har ta nemi ƙari, abin da ba ta yi ba tun rasuwarka.

Na yi mata ƙarya da rubutunka. Ban san ko na yi daidai ba, kuma ba ni da niyyar warwarewa. Ku da kuke karantawa, cikinku akwai masu shiga gidanmu. Na roƙe ku don Allah, abin da kuka gani a nan ya tsaya a nan. Ku gaishe ta, ku sha ruwa, ku yaba turarenta.

Kai kuma Baba, ba ni da abin da zan iya yi maka yanzu sai wannan. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kankarar zunubi. Allah ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi, ya shigo maka da iskar Aljanna da ƙamshinta. Ya kwance maka harshe a gaban masu tambaya, ka amsa da cikakkiyar magana. Ya saka maka da alheri a kan kowane yaro da ka koyar. Ya ba Inna haƙuri da tsawon kwana cikin abin da ta yarda da shi. Ni kuma ya yafe mini abin da na sani da wanda har yau ban sani ba, ya haɗa mu a inda ba a buƙatar tafinta. Amin.

Wassalam.

'Yarka,
Falmata
Damagaram